Farar Tattabarata Ta Daina Dawowa

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau shekara huɗu da buɗe shafina na kiwon tattabaru a intanet. Tun bayan isha'i nake son rubuta wa masu karatu godiya, na rubuta na goge har sau uku. Ba wai ba su cancanta ba. Lokacin da cuta ta share mini tsuntsaye, su suka hana ni rufe shafin, har wata Hajiya daga unguwar Kongo ta aiko mini da guda biyu kyauta.

Sunan Nasiru na unguwar Kwangila ne ya tsaya mini a wuya. Mutumin da ya zo shafin nan bai iya bambance namiji da mace ba! Ni na koya masa, ni na ba shi farar tattabarata ya fara da ita. Yau wani ya yi tambaya kan ƙurajen ido a ƙarƙashin rubutuna, ya ce, "Malam Nasiru, me ka gani?" A shafina! Abin da ya fi ci mini rai, amsarsa ta fi wadda zan bayar.

Na gaya wa matata, ta ce, "Baban Amina, ɗalibinka ne fa, ai abin alfahari ne."

Na dai sa sunansa a cikin godiyar, shi ne ma na farko, kada a ce ina baƙin ciki.

A da, duk sanda ya saki farar nan, rufin gidana take dawowa. Sati uku ke nan ina watsa gero ina duban sama. Ba ta zo ba.