Ruwan Gwajinmu Yana Rinewa, Kawu Ya Ce In Yi Shiru

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce. Shekara huɗu muna amfani da wutar lantarki muna raba ruwa gida biyu don samun iskar haidurojin da oksijin. Ƙarfen da ke hanzarta fitar oksijin wuyar samu gare shi, shi ya sa Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya haɗa wani baƙin garin gawayi da muke shafawa a farantin na'urar. Farfesan nan ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa ma na tashi.

Da farko kumfa ta yi ta tashi, muna ta murna. Amma in na'urar ta yi kwana biyu tana aiki, sai ruwan ya rine kamar shayi, shafen yana zaizayewa. Sau uku na gwada iskar. Ba oksijin zalla ba ce, gawayin ne ke cinyewa yana sakin iska mai cutarwa. Da na nuna wa Kawu, ko kallon takardar sakamakon bai yi ba, ya ce in riƙa sauya ruwan kafin baƙi su shigo. Tun ranar ya kulle littafin gwajina a kabad, ya daina amsa gaisuwata. Yanzu wani ƙaramin asibiti na son na'urar don majinyata. Ran Litinin zan sa hannu a rahoton da ke cewa na'urar ba ta da matsala. Mama kuma kullum roƙona take kar in kunyata ta.

Mai Farar Riga

'Yata, kada ki sa hannun nan.

Ban ɗauki kawunki mugu ba. Mutum ne da ya ga aikin shekara huɗu na neman rushewa, tsoro ya rufe masa ido. Ya riƙe ki, yana da hakki a kanki, amma hakkin bai kai ga numfashin majinyaci ba.

Yau ki rubuta duk abin da kika tuna, da ranaku. Ki sake gwajin a gaban wani abokin aiki. Ki sami Kawu a gida, cikin ladabi, ki ce ku gyara rahoton tare, don gano aibin abu ma sakamako ne. In ya ƙi, ki kai wa shugaban sashe a rubuce kafin Litinin.

Ki shirya, gida zai yi miki zafi, wataƙila a daɗe. Amma ranar da aka ɗora wa wani iskar nan a hanci, sunanki za a fara nema.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sassauto da zuciyar kawunki.