Ni na duba bayanin, Kawu ya yi shuka, aka ɗora wa irin Baba Haruna laifi

Assalamu alaikum 'yan group. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin nan ya hana ni sukuni, ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da garin Hajj Abdalla a nan Sudan, kwamfuta na karanta kafin yaƙi ya rufe mana jami'a. Na samu aiki ta online da wasu masu haɗa app na AI don manoma, mutum ya yi masa voice ya tambaye shi, ya amsa. Shi AI ɗin yana da kayan aiki a ƙarƙashinsa, wannan na yanayi, wannan na ƙwari, wannan na lokacin shuka, kowanne da ɗan bayani a rubuce da ke gaya masa amfaninsa da lokacin da zai ɗauke shi. Bayanin nan shi ne idonsa, abin da ba a rubuta ba bai san shi ba. Aikina in yi ta jefa masa tambayoyi kamar manomiya, in ga ko bayanin yana kai shi inda ya dace, in ya yi in ce ya wuce.

To na lokacin shuka, an gina shi ne a kan jadawalin gonakin ban-ruwa, amma bayaninsa cewa kawai ya yi yana faɗin lokacin shuka dawa da riɗi. Na gwada, komai kwayyis, lafiya lau. Amma ni a hawasha na tashi, wato gonar ban-ruwa, gonarmu ta Gezira da ake sako mata ruwa ta tur'a, magudanar da aka haƙa, tun ina goye ban san gonar da ke jiran sama ba. Duk tambayoyin da na yi masa na mai hawasha ne. Ko sau ɗaya bai zo min a rai in ce ni mai noman damina ce ba. Na ce ya wuce, har da jin kaina.

Ina da kawu a wani ƙauye wajen Damazin, wan mamata ne, noman damina yake. Lokacin da dangi suka ce karatun mace na kwamfuta ɓata lokaci ne, shi ya tsaya min. Ni da hannuna na sa masa app ɗin a waya, na ce Kawu ka saki jiki, ni na duba shi. Ya dinga yawo da shi ƙofar masallaci yana cewa ga aikin 'yarsa.

Yana da amini, Baba Haruna, tare suka tashi. Baba Haruna yana da irin dawa kaura da mahaifinsa ya taho da shi daga yamma a hanyar hajji, kowace shekara yana shukawa yana ware zangarniya mai kyau. Bana gwiwa ta kwantar da shi, sai ya ɗebi mafi yawa ya ba Kawu ya shuka don kada irin ya yanke, ya rage kaɗan a tulu.

Da aka yi yayyafin farko Kawu ya tambayi app, ya ce masa yanzu ne lokaci, jinkiri yana rage amfani. A hawasha gaskiya ya faɗa, don in ka shuka ruwa za ka buɗe. Baba Haruna ya ce a dakata ƙasa ba ta sha ba, Kawu ya ce kai ka fi na'urar 'yata sani ne. Ya shuka. Sama ta ɗauke, irin ya kumbura a ƙasa ya mutu, ko tsiro bai leƙo ba.

Kawu mutum ne mai zafi, bai yarda lokacin ne ba daidai ba. Ya ce mataccen iri aka ba shi, ya faɗa a gaban mutane, har ya ce da gangan ne. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. Da ya kira ni yana faɗa sai na roƙe shi ya turo min amsar da app ya ba shi. Ina saurara na gane. Na koma na gwada a matsayin mai noman damina, ya ba ni amsa iri ɗaya. Na zauna na yi kuka.

A wurin aiki na faɗa, an ƙara layi ɗaya a bayanin, cewa na gonar ban-ruwa ne kaɗai, a tambayi manomi tukuna. Layi ɗaya fa 'yan uwa. Shugabarmu ta ce madalla da na gano, ni kuwa kunya kamar in nutse. Amma Kawu na kasa gaya masa. In na faɗa, na tsinka shi a gaban mutanen da ya yi wa alfahari da ni, kuma masu cewa karatuna banza ne sun samu abin faɗa. Mamata ta ce in yi shiru, tsofaffi za su shirya da kansu, wai kada in sa yayanta ya kasa ɗaga kai a gari.

Na so in bi maganarta, sai jiya matar Kawu ta ce min Baba Haruna ya yarda irin nasa ne ya tsufa kamar shi. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a kai sauran na tulun injin niƙa, a yi tuwo a cinye, kada ya sake cutar da wani.

Irin nan lafiyarsa ƙalau, kuma ni kaɗai na sani. Ku gaya min, Kawu zan fara kira, ko in tsallake shi in kira Baba Haruna in ce kada ya taɓa tulun? Kuma da wane baki zan ce wa mutumin da ya tsaya min, Kawu ni ce?