Buhun Shinkafar Darakta

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

'Yar taka Zainab ta taɓo manya. Jaridar binciken da take wa aiki, wadda ba ta karɓar ko tallan gwamnati, ta bankaɗo cewa rijiyar burtsatsenmu ta Badarawa a takarda kawai aka haƙa ta. Sai ga daraktan da ya sa hannu a kwangilar, wanda rabonsa da gidan nan tun ritayar maigidana, babanta, da buhun shinkafa, wai a tsawata wa yarinya. Ko kunya babu! Babanta ya ce, "Da wane ruwan za mu dafa?" Haka ya kinkimi abinsa ya fice.

A sa Zainab a addu'a, ana yi mata barazana. A gai da Hajiya. Mu dai har yau 'yan garuwa muke jira.

Ƙanwarka,
Binta