Lallen da Kika Bari a Gwashi

Zuwa ga Zulai, hasken idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da nake hutawa ko daga nesa.

Yau Talata, da na fito sallar asuba na leƙa kangon gidanku, sai na tsaya cak. Lallen nan naki na bakin rijiya, wanda akuya ta cinye har itace tun kafin ku tashi, ya yi toho! Ganye ƙanana kamar kunnen ɓera, raɓa kwance bisa kansu. Wallahi, Zulai, ji na yi kamar ke ce kika yi mini sallama.

Kin tuna ranar da a-kori-kura ta kwashe ku zuwa Gusau? An ɗaure gado, an ɗaure turmi, ke ko kina ta waiwayen lallen, ba ni ba. Ban ji haushi ba, na gane amanar da kika bar mini. Tun rannan nake ba shi guga biyu safe da marece, na kewaye shi da ƙaya, yau damina biyu ke nan.

Gwashi ta yi shiru, masoyiyata. Sani ya tafi buga bulo, Hayatu na kabu-kabu, layinku kowace ƙofa da kwaɗo. Masu dawowa sun ce Gusau kullum sai ta haifi sabuwar unguwa, fitila na ci ba kananzir, lalle ma a leda ake sayensa. To wadda ta saba da na leda, za ta tuna da na bakin rijiya? Tambayar ga ita ta hana ni cin tuwon Inna!

Ga ganyen nan na naɗe cikin takarda, zai isa yatsa ɗaya. Ki daka, ki dangwala yatsanki a farar takarda tun yana ɗanye, ki ba Mamuda direba ranar kasuwar Bukkuyum. Kada ki wahala da rubutu, kin san karatuna aji huɗu ya tsaya. In na ga jan yatsanki, girbi na wucewa zan turo magabata. In Gusau kika zaɓa mu zauna, sai in tone lallen da ƙasarsa in rungumo shi cikin mota. In takardar ta zo fara, zan ci gaba da ban ruwa, shi bai yi laifi ba.

Naki har ƙasa ta rufe mini ido,
Tanko.

Kada ki ce mafarki na yi. Goggo Tasalla ta gani har ta yi guɗa, akuyar ma tana tsaye bayan ƙaya, tana kallo.