Kajin da Ba Su San Muryata Ba

Laraba, 14 ga Mayu

Iska ta zo bayan la'asar. Ta gabas ta zo, daidai inda na ce musu za ta zo tun ina da baƙin gashi. Layukan bishiyoyin da muka dasa don tare ta, lokacin ina ofishin gandun daji, an sare su ɗaya bayan ɗaya an toya burodi da su. Yau ta samu fili fetal, ta shigo gari ba sallama.

Rufin ɗakina ya tashi gaba ɗaya. Da idona na ga kwano yana shawagi kamar takarda. Babban reshen mangwaro ya faɗo kan akurki ya murƙushe shi. Kajin suna waje suna kiwo, suka watse. Har duhu ya yi ban ga ko ɗaya ba.

Na kwashe littattafai da tabarma na koma ɗakin uwar yara. Nata ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Mai ɗakin tana birni wajen Auta tun kafin zafi, wai jinyar gwiwa. Gwiwar ta warke tuni, Auta ta turo mini hotonta tana yawo a kasuwa. Ba ta ce ga ranar dawowa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Auta ta bugo da safe, wai ta ji an yi iska a wajenmu. Na ce iska dai irin wadda aka saba. Ta miƙa wa uwarta.

"Malam, kajina fa?"

Haka fa. Babu ya ka kwana, babu rufi yana nan. Kajina fa.

Na ce suna nan. Ban yi ƙarya ba, suna nan a wani wuri.

Da rana na gano wurin. Sarƙaƙiyar bayan gida, ƙetaren kwari. Sun cushe a ciki, zakaran yana leƙo kai kamar mai gadin da bai yarda da kowa ba. Na tsaya da kwanon tsaba ina girgizawa. Suka kalle ni. Wata da watanni ina watsa musu tsabar nan kowace safiya in juya in shige ɗaki, da yamma su shiga akurki da kansu in rufe. Ashe ba su taɓa sanin wane ne ke watsawa ba.

Tsakar gida kuwa ba ta shiguwa. Rassa, ɓaraguzai, ga wani kwano da ya maƙale a katanga yana ƙara duk lokacin da iska ta hura. Ni ma da kaza ne ba zan dawo ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Farin gashi a bakin kwari, da ƙafa ɗaya. Farar nan ce mai yawan ƙwai. Tunku ne ko muzuru.

Asabar, 17 ga Mayu

Kafinta ya leƙo. Maƙwabci ne, katanga ɗaya ta raba mu, amma sai yau ya samu sukunin zuwa, rabin garin na binsa da kuka. Ya tsaya a tsakiyar ɗakina ya ɗaga kai.

"Ofisa, ai ka huta da fanka."

Na ce yaushe zai zo ya rufa. Ya ce masu jarirai tukuna, sai tsofaffin mata, sai mu masu digiri. Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Kwanukana ya ce ya ga biyu a gonar wani, sun naɗe kamar tabarma.

Na share sito, na fitar da tsofaffin buhuna, na gicciya sanda a ciki don su samu wurin hawa. Ɗaki mai ƙofa, mai rufi, ya fi akurkin da suka rasa nesa ba kusa ba. Na zuba tsaba a layi tun daga bakin kwari har ƙofar siton, kamar mai shata hanyar mota. Tantabarun gari suka sauko suka cinye hanyar.

Na gwada korarsu ta baya da reshe. Suka ƙara nutsewa cikin ƙaya, ni kuma na zame na zauna a laka. Na daɗe a zaune. Ba wanda ya gani, ina fata.

Na kasa zama, na kasa kwanciya. In shiga ɗaki in fito, in zagaya baya, in dawo.

Lahadi, 18 ga Mayu

Uwar yara tana da wani kira da take wa kajin. Ba irin na sauran mata ba ne. Tana fara shi can ƙasa a maƙogwaro, kurrr, ta ja shi, sai ta ɗaga shi sama siriri ta karya, sannan ta ce "'yan gidan nan, 'yan gidan nan." Ko suna bayan gari sai sun taho da gudu, fukafukai a buɗe. Shekaru ina rufe taga saboda kiran nan in ina karatu.

Yau da yamma na duba hagu na duba dama, na tsaya bakin kwari na gwada.

Abin da ya fito daga bakina ya fi kama da babur da ya ƙi tashi. Zakaran ya yi wata ƙara ta gargaɗi, duk suka lafe.

Daga saman wani rufi na ji muryar kafinta. "Ofisa! Da Turanci za ka yi musu, wataƙila su gane!"

Ya aiko matarsa ta gwada nata kiran. Kajinta suka ƙetaro katanga suka zo suka ci tsabata. Namu ko motsi.

Litinin, 19 ga Mayu

An zo daga hukuma duba ɓarna. Mota mai sanyi, mutum huɗu, kowa da waya a sama yana ɗaukar hoto. Babbansu bai kai Auta shekaru ba. Ya dubi ɗakina ya girgiza kai, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, shawarar da muke ba jama'a ita ce a riƙa dasa bishiya."

Na ce na gode, ban taɓa jin wannan ba.

Ya ji daɗi. Ya ce in tsaya kusa da mangwaron a ɗauke mu tare.

Talata, 20 ga Mayu

Wata kuma ta tafi. Baƙar kazar mai 'yan tsaki, ita da 'yan tsakinta duka in ban da ɗaya, yana ta tsiwa a gindin ƙaya. Shirwa na kewaya wurin tun hantsi. Na wuni a bakin kwari da sanda ina ɗaga wa sama hannu kamar mahaukaci. Rana zan iya. Dare fa?

Auta ta sake bugowa. Wani ya tura mata hoton layinmu. "Baba, gaya mini gaskiya. In gidan ya lalace mu zo mu ɗauke ka. Ga ɗaki nan, me za ka zauna yi a can kai kaɗai?"

Kai kaɗai. Ba ta ce ku biyu ba. Ke nan an gama maganar a can.

Na ce caji ya kusa ƙarewa, na kashe.

To, bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Me uwar yara ta bari a gidan nan da zai dawo da ita? Tukwane akwai a can. Jikoki a can. Wuta, ruwan famfo, masu hira. A nan akwai tsoho mai gyara wa rediyo nahawu, sai kaji. Cikin biyun na san wanda take tambaya. In tunku ya gama da su, shi ke nan, sai a aiko a kwashi kayanta.

In na gaya mata, Auta ta ji. In ban gaya mata ba, kullum da safe in tsinci gashi.

Na zagaya gidan har ƙafata ta yi tsami.

Laraba, 21 ga Mayu

Na kai waya wajen mai caji da rana, turakun wuta har yanzu suna kwance. Na karɓo da yamma. Na ajiye ta. Na ɗauka. Na je na cire kwanon da ke ƙara a katanga, na ja rassan gefe, na share ƙofar sito da ba ta buƙatar shara. Rana ta yi ja. Na buga lambar uwar yara, ba ta Auta ba.

"Lafiya, Malam?" Da tsoro a muryarta. Ban saba kira ba.

Na ce ta tashi daga inda yarinyar take. Na ji ta ja ƙofa. Na faɗa mata. Akurki, mangwaro, kwari, farar, baƙar. A jere na faɗa, kamar rahoto.

Ta yi salati.

"Tun yaushe?"

Na ce tun Laraba waccan.

"Kuma ka ce mini suna nan."

Na ce ai suna nan.

"Kai dai Malam ba ka da dama. Ka kira su?"

Na ce na kira.

"Yi in ji."

Na ce ba zan yi ba.

"Yi mana, ai ni ce."

Na yi. Allah ya sani na yi, a tsakar gidana, da furfurata. Ta yi dariya har da tari, har na ji Auta daga nesa tana cewa Mama lafiya. Rabona da jin wannan dariyar, ban sani ba.

Da ta lafa na ce abin da na kira in ce ke nan: zan sa sifika in je bakin kwari, ta yi da kanta.

"Ta waya? Za su ji kuwa?"

Na ce ban sani ba, ba a koya mana wannan a makaranta ba.

Na tsallaka, na tsuguna, na miƙa hannu da wayar cikin sarƙaƙiya. Ta gyara murya. Kurrr. Ta ja, ta ɗaga, ta karya. "'Yan gidan nan, 'yan gidan nan." Siririya ta fito, kamar daga cikin gwangwani.

Ba komai. Sai zakaran ya miƙe wuya ya karkata kai, ido ɗaya a kan hannuna.

Na ce ƙara.

Ta ƙara. Jar kazar ce ta fara fitowa. Sai wata. Sai suka ɓarke gaba ɗaya, har ɗan tsakon a baya yana tuntuɓe. Na miƙe na fara ja da baya, waya a ƙasa-ƙasa, ina tafe a duƙe, tana kira, suna bi. Muka sauka kwari muka hau. A bakin ƙofar baya suka yi turus, suna kallon inda akurki yake da. Na ce kada ki tsaya. Ba ta tsaya ba. Na shiga sito da baya na ajiye wayar a kan sanda. Suka shigo suna dube-dube, suna neman inda ta ɓuya.

Kafinta yana kan katanga, baki buɗe. Ko kalma bai ce ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Na rufe ƙofa, sai na tuna wayar na ciki. Na koma na ɗauko.

"Sun shiga?"

Sun shiga.

"Ka sa musu ruwa. Kada ka cika kaskon, tsakon zai faɗa." Sannan ta ce, "To kai a ina kake kwana?"

Na ce ɗakinta.

"Rufin naka?"

Na ce yana gonar mutane.

"Malam!" Ta sauke murya. "Akwai bargo a ƙasan akwati. Gobe war haka ka kira, ba za su saba da wurin a rana ɗaya ba."

Alhamis, 22 ga Mayu

Sun fita da safe, da yamma suka nufi kwari. Na kira, ta kira, suka dawo. Ba ta gaya wa Auta ba. Ta ce yarinyar nan da ta ji za ta ɗauko mota.

Asabar, 24 ga Mayu

Haka jiya, haka yau. Bayan sun shiga ta tambayi mangwaron, ko zai rayu. Na yi mata bayanin yadda ake datse reshen da ya tsage don kada ruwa ya ruɓar da shi. Na yi tsawo, na sani. Ba ta katse ni ba. Ta ce gidan Auta ko'ina siminti, ko tsuntsu ba ya sauka.

Na dai ji.

Litinin, 26 ga Mayu

Kafinta ya kawo katako ya jingine. Ya tambaya wanne za a fara, ɗaki ko akurki. Na ce akurki. Ya dube ni. Na ce ƙaramin aiki ne, a gama da shi, kuma ya ɗaga ƙofar sama kaɗan yadda mai ciwon gwiwa ba sai ya durƙusa ba.

"Gwiwarka ke ciwo, Ofisa?"

Na ce ya yi aikinsa.

Laraba, 28 ga Mayu

Mai caji ya tsare ni, layi ya yi tsawo. Na dawo da sauri rana ta kusa faɗuwa, zuciyata na kwari. Na shigo na tarar da tsakar gida shiru. Na leƙa sito. Suna ciki. Duka, a jere kan sanda, tsakon a ƙarƙashin fiffiken jar kazar. Ba wanda ya kira su.

Na tsaya a bakin ƙofa. Sai wayar ta yi ƙara a aljihu. Ita ce, ta ga ban bugo ba.

"Ina suke? Sun tafi kwarin?"

Na dubi zakaran. Ya dube ni.

Na ce e, suna can, yau ma sun yi nisa.

Na ja ƙofar siton a hankali, na fita bayan gida, na zauna a kan dutse a bakin kwari, na sa sifika. Ta yi kiran har ƙarshe. Na ce ta ƙara ɗaya, akwai mai taurin kai da bai taso ba.

Ta ce gobe ma war haka. Na ce to, ai dole, tunda ba su saba ba.