Jar Rigar da Kare Ke Kwana a Kai

Liège, ƙasar Turai, 24 ga Oktoba

Yaya Magne,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar Mama? Tagwayenki sun daina satar gyaɗa a rumfa? Ni lafiyata ƙalau, ina sauke kayan lambu a kasuwa, sai ɗan tari da bai kai a faɗa ba.

Ranar garin nan 'yar damfara ce, Yaya. Ta haska kamar ta garinmu Bafoussam, na fita da silifa da 'yar shara, kafin in kai tasha yatsuna sun daina jin magana. Wani ɗan Kwango abokin aikina ya ce, "Babban ɗan kasuwa, yau an sayar maka da kwali babu kaya. Kuma sanyin bai ma iso ba."

Shekara goma na yi a gida ina kwance dilar gwanjo, ina zagin Turawa kan manyan rigunan nan masu gashi da ba mai saye. Ashe ba hauka suke yi ba. Kin tuna jar nan da na shimfiɗa wa karenmu? Ki janye ta, ki wanke sau biyu, ki ba matar maƙwabcinmu Fotso, za ta taso nan wata mai zuwa, ta kawo mini.

Kada Mama ta sani. In ta ji ana aiko mini da shimfiɗar kare, abinci ma daina ci za ta yi. Ki ce ta yage.

Karen kuwa ki ba shi haƙuri. Daga nan rigar ta fito, gida kawai za ta dawo.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Tchinda