Wayar Baba a Cikin Kwalla

Ɗanbatta, Lahadi.

Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Kano, ya Maimunat da yara? Tunda ba ka ɗaga waya, ga takarda ta hannun direba, sai in ga ko ita ma za ka ce ba sabis.

Jiya na shiga allon kula da shafin Baba na intanet. Jan rubutu goma sha ɗaya, Yaya! Kamfanin da ke ajiye mana shafin yana ta gargaɗi tun kafin azumi: manhajar da ke kunna sauti ta tsufa, akwai kafar da masu kutse za su shigo su goge komai. Ka san abin da ke ciki. Tafsirin shekara goma sha tara, kaset-kaset ɗin kuma gara ta cinye su. Har tarin da yake yi kafin ya ja aya yana nan, har kukan akuyar Inna a bayan zaure. Ni a gindin wannan muryar na koyi haɗa baƙi, bokon ma da jaridar ƙunshin ƙosai na koya, ba wanda ya kai ni aji.

Na danna in sabunta, sai aka ce an tura lambar sirri wayar mai shafi. Wayar wa? Ta Baba! Mutumin da ya shekara biyu a ƙasa! Kai da digirinka, wannan wane irin tunani ne?

Ƙaninka,
Khalilu.

Kano, Talata.

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Ka rage zafi.

Ranar da na buɗe shafin Baba yana zaune kusa da ni a kan buzunsa. Da aka tambayi sunan mai shafi, hannuna ya kasa rubuta nawa. Karatunsa ne, sai na sa sunansa da lambarsa.

Wayar tana wurin Inna, cikin kwallarta, a naɗe da ɗankwali. Duk ranar kasuwa tana aikawa a yi mata caji. Da na zo sallah ta ce min, "Ja'afaru, har yanzu ɗalibai na turo wa Malam gaisuwa, kusan kullum sai ta yi ƙara." Na duba, na ga gargaɗin nan ne. Na kalli fuskarta, na ce haka ne, Inna. Abin da ya sa nake gudun kiranka ke nan.

Ka je ka roƙe ta, a hankali. Ka fara kwafe karatun a memori kafin ka taɓa komai. Ka gaida ta.

Yayanka,
Ja'afaru.

Ɗanbatta, Laraba ta sama.

Yaya,

Sallama. Wato ka sani, ka bar muryar Baba a buɗe wata huɗu don kada ka ji nauyi? Allah ya shirye ka.

Ni ma dai ban fi ka ba. Na shiga da niyyar faɗa mata gaskiya, ta miƙo min wayar da hannu biyu, ta ce, "Ka ga masoyansa ko?" Ni mai bakin nan da kowa ke kuka da shi, sai na ce na gani, Inna.

Na kwafe karatun, na sabunta, jan rubutun duk ya koma kore. Ba abin da ya ɓata. Gargaɗin kuma na mayar da shi layina.

Sai dai tun ranar wayar ba ta sake ƙara ba. Yau da safe Inna ta ce, "Khalilu, ko sun manta da shi ne?"

Ka nemo tsofaffin ɗalibansa na Shanono da Watari, ka ba su lambar. Kai ka fara turowa ranar Juma'a, kuma ka rubuta abin kirki, don ni zan karanta mata.

Khalilu.